Tsani Da Igiyar Ƙarfe A Jikin Dutse: Ina Ribar Jos, Ina Hasararta?

JOS — Unguwar Taminus ta samo sunanta ne daga jirgin ƙasa. A nan dogo ya tuƙe, ta nan kuma kuzar da aka haƙo a ƙasar Filato ta riƙa bi zuwa bakin teku. Ƙaramin layin dogo da ya taso daga Zariya ya iso yankin a 1914, babban layin Kafanchan ya biyo baya a 1927, garin kuma ya yi ta bunƙasa a kewayen tasha. Bayan kuza sai ciniki. Babbar Kasuwar Jos, mai rumfuna fiye da 4,000, wadda aka buɗe a tsakiyar shekarun 1980, ta zama matattarar fatake daga Bauchi da Gombe da Yola, har ma da ƙasashen maƙwabta. Farashin kuza ya rushe a kasuwar duniya a watan Oktoban 1985. Kasuwar ta ƙone a watan Fabrairun 2002, kuma fiye da shekara 20 bayan haka ba a mayar da ita yadda take ba.

Kadarar da ta rage wa Jos, wadda gobara ba ta ci, farashin Landan kuma ba ya taɓa ta, ita ce dutse. Wanda ya bar Taminus ya nufi gabas ta hanyar Lamingo, kafin ya yi kilomita 10 zai tarar da Duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta kai kimanin mita 1,829 daga doron teku, alhali shi kansa garin yana zaune ne a kan kimanin mita 1,200. Ta kudu maso yamma akwai Dutsen Riyom, wanda aka ɗora duwatsunsa kan juna kamar da hannu. Can nesa a kudu maso gabas kuma ga Dutsen Wase, tsaye ƙiƙam kamar turmi, kusan mita 300 daga fili. Jihar tana yi wa kanta kirari da gidan zaman lafiya da yawon buɗe ido, kuma a 'yan shekarun nan ƙungiyoyin matasa masu fita hawan tudu a ƙarshen mako sun yawaita a garin.

Sai dai mafi yawan waɗannan matasa kewaya dutse suke yi, su bi ta inda ƙafa ke iya takawa. Fuskar dutsen mai santsi, wadda ta miƙe tsaye kamar bango, ta gagari kowa in ban da 'yan ƙalilan da suka koyi hawa da igiya. A nan ne tambayar da ta daɗe tana raba kan masu duwatsu a Turai da Amurka ta shafi ɗan kasuwar Jos: shin ya dace a kafa wa dutse tsani da igiyar ƙarfe domin kowa ya iya hawa, ya biya, ko kuwa yin haka kashe sana'ar gwanayen hawa ne da ɓata dutsen baki ɗaya?

Mene ne turbar ƙarfe?

Italiyawa suna kiranta via ferrata, wato turbar ƙarfe. Ana huda dutse a kafa turakun ƙarfe tsakanin kowane 'yan mitoci, a zarga musu igiyar ƙarfe mai kauri tun daga gindi har sama. Inda babu wurin taka ƙafa sai a kafa matakai irin na tsani, inda akwai kwazazzabo kuma a shimfiɗa siririyar gada. Mai hawa yakan sa hular kwano da ɗamara mai ƙarfi a ƙugu, da gajerun igiyoyi biyu masu ƙugiya. Idan ya isa turke sai ya cire ƙugiya ɗaya ya maƙala ta a gaba, sannan ya cire ta biyun, ta yadda ko da yaushe yana ɗaure da igiyar. Lafiyayyen mutum da bai taɓa hawa dutse ba yana iya koyon wannan cikin ƙasa da awa guda.

Hawan gwanaye kuwa wani abu ne daban. Mahayin yana dogara ne da yatsunsa da tafin ƙafarsa, yana neman tsaga da ɗan tudu a jikin dutsen. Igiyar da ke ɗaure da shi aikinta kawai ta tare shi idan ya suɓuce. Ƙwarewa a wannan fanni tana cin shekaru, kuma tun gasar Olamfik ta Tokyo da aka yi a 2021 hawan bango ya shiga jerin wasannin da ake ba da lambar zinariya a kansu.

Turbar ƙarfe ba sabon abu ba ce. An kafa irinta ta farko a dutsen Dachstein na ƙasar Ostiriya a 1843. A Yaƙin Duniya na Ɗaya, tsakanin 1915 da 1917, sojojin Italiya da na daular Ostiriya sun cika duwatsun Dolomiti da tsani da igiyoyi domin kai dakaru da kayan yaƙi kan ƙololuwa. Bayan yaƙi ƙungiyoyin mahaya suka gaji waɗannan hanyoyi, suka gyara, suka ƙara. Amma abin da ya mayar da ita harkar kuɗi ya faru ne a Faransa. A 1988 aka kafa ta zamani ta farko a ƙauyen Freissinières, kuma cikin shekara 15 adadinsu a ƙasar ya kai kimanin 100. Akasarinsu hukumomin ƙauyuka ne suka biya kuɗin kafa su, saboda garuruwan da ke ci da wasan ƙanƙara a lokacin sanyi suna zama fayau da bazara, otal babu baƙi, kanti babu ciniki. Yau Italiya tana da fiye da 400, Ostiriya fiye da 500. Maleshiya ta buɗe tata a dutsen Kinabalu a 2007, Kenya ta kafa ɗaya a Dutsen Kenya a 2012.

Ƙorafin gwanaye

Masu hawa da hannu da ƙafa suna da hujjoji, kuma bai kamata mai zuba jari ya yi musu kunnen ƙashi ba. Ta farko ita ce dutsen da aka huda ba ya komawa yadda yake. Ana iya rushe rumfa a sake ginawa, ana iya sare itace a dasa wani, amma ramin da na'ura ta yi a falalen dutse ya zauna ke nan. Ta biyu, hanyar hawa da wani gwani ya yi shekaru yana nazari kafin ya ci nasararta tana mutuwa ne ranar da aka zarga mata igiyar ƙarfe, domin babu wanda zai sake wahala da yatsu a gefen tsani. Reinhold Messner, Ba'italiyen da ya fara hawa dukkan tsaunukan duniya 14 da suka haura mita 8,000, ya yi shekaru yana faɗakarwa cewa yawan huda dutse yana kawar da ainihin abin da ke sa a hau shi, wato yiwuwar ya gagara.

Yadda wannan gardama ke zafi ya fito fili a dutsen Cerro Torre da ke kudancin Ajantina. A 1970 wani mahayi ɗan Italiya, Cesare Maestri, ya ja injin huda dutse mai amfani da fetur har kusa da ƙololuwa, ya kafa ƙusoshi kimanin 400. Shekara 42 mahaya suna bin wannan hanya, wasu suna tsine mata. A watan Janairun 2012 wasu samari biyu, Hayden Kennedy na Amurka da Jason Kruk na Kanada, suka hau dutsen ba tare da dogara da ita ba, a hanyarsu ta saukowa kuma suka tumɓuke fiye da 100 daga cikin ƙusoshin. Da suka iso garin El Chaltén da ke gindin dutsen, fusatattun mutane ne suka tarye su, har 'yan sanda suka tsare su na ɗan lokaci. Wani ɓangare na mahayan duniya ya yaba musu, amma da yawa daga mutanen garin, waɗanda abincinsu ke zuwa daga baƙin da dutsen ke jawowa, sun ɗauki abin a matsayin ɓarnar dukiya da tarihin da ba na samarin ba.

Akwai kuma ƙorafi na uku, cunkoso. A gandun Yosemite na Amurka an kafa igiyoyin ƙarfe a dutsen Half Dome tun 1919. Jama'a suka yi ta ƙaruwa har ta kai ana yin layi a kan santsin dutse, wanda ya tilasta wa hukumar gandun fito da tsarin takardar izini a 2010. A yanzu kimanin mutum 300 kawai ake bari a rana. Ga mai lissafin riba wannan darasi ne mai amfani: dutse yana da iyakar mutanen da zai ɗauka, don haka kuɗin shiga ma yana da rufi.

Lissafin ɗan kasuwa

Idan aka ajiye batun ɗa'a gefe aka ɗauki alƙalami, bambancin sana'o'in biyu a bayyane yake. Hawan gwanaye jarinsa kaɗan ne, igiya da takalma da 'yan ƙarafa, amma kasuwarsa ƙarama ce ƙwarai, kuma jagora ɗaya ba ya iya kula da fiye da mutum ɗaya ko biyu a doguwar hanya. Turbar ƙarfe tana cin jari mai yawa tun farko, amma jagora ɗaya yana iya tafiya da mutum shida zuwa takwas, kuma abokan cinikinta su ne ɗaliban makaranta da ma'aikatan banki da iyalai, wato mutanen da ke kwana a otal, su ci abinci, su hau tasi, su sayi dankalin Turawa da tumatir a Farin Gada kafin su koma Abuja. Kuɗin tikiti shi ne mafi ƙanƙanta a cikin abin da baƙo ke kashewa. Dalili ke nan da ya sa ƙauyukan Faransa da yawa ba sa ma karɓar ko sisi a bakin turbar. Ribarsu tana cikin gari.

Misalin da ya fi kama da Jos yana arewacin Ingila. Mahaƙar Honister tsohon wurin fasa dutsen rufin ɗaki ce da ta durƙushe a shekarun 1980, wani ɗan yankin mai suna Mark Weir ya farfaɗo da ita a 1997. A 2007 ya kafa turbar ƙarfe a kan tsohuwar hanyar da leburorin mahaƙar ke bi zuwa bakin aiki, baƙi kuma suka yi ta tururuwa zuwa wurin da a da ƙura da tarkace kawai ke cikinsa. Amma da kamfanin ya faɗaɗa turbar zuwa wani sashe da doka ta keɓe saboda tsirrai masu wuyar samu, ba tare da izini ba, kotu ta ci shi tarar Fam 15,000 a 2011, ban da kuɗin shari'a. Wuri ɗaya, kamfani ɗaya: inda ya bi sawun mahaƙa ya samu riba da yabo, inda ya taɓa dutsen da ba a taɓa ba ya gamu da alƙali.

Ƙasar Filato cike take da irin wurin farko. Shekaru kusan 80 na haƙar kuza sun bar ɗaruruwan ramuka da tafkuna, masu fasa dutse domin tsakuwar gini kuma sun bar bangaye tsaye a gefen gari. Dutsen da nakiya ta riga ta farfasa babu gwanin da zai yi kukan an huda shi.

Sai dai lissafin Nijeriya yana da nasa ƙayoyin. Igiyar ƙarfe marar tsatsa da ƙugiyoyi da ɗamaru duk daga waje ake shigo da su. (Kamfanin mulmula ƙarfe na Jos, da aka kafa a farkon shekarun 1980, ya daɗe da yin shiru, ko da yana aiki ma rodin gini yake yi.) Tun da aka saki Naira a watan Yunin 2023, Dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin hukuma zuwa fiye da Naira 1,500 a cikin 2024. A ƙarshen 2024 kuma Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, abin da ke nufin bashin bankin kasuwanci ya kai kashi 30 ko fiye.

A ƙaddara, alal misali, wani ya ci bashin Naira miliyan 100 a kan kashi 30 domin wannan aiki. Kuɗin ruwa kaɗai Naira miliyan 30 ne a shekara. Idan tikiti Naira 5,000 ne, sai ya sayar da 6,000 kafin ya biya ruwan, bai taɓa uwar kuɗi ba, bai biya jagora ko maigadi ba. Wannan lissafi ya isa ya nuna cewa aikin ba na bashin banki ba ne. Ko dai masu otal da masu sufuri su haɗa jari, tun da su ne za su kwashi ribar da ke cikin gari, ko kuma gwamnati ta kafa ta bayar da haya ga mai gudanarwa.

Kafawa da kulawa

A nan ne tarihin ƙasar nan ke sa a yi hattara. Nijeriya ta sha sauƙaƙa hawan dutse. Dutsen Dala na Kano yana da matakala, Duwatsun Idanre na Jihar Ondo suna da matakai fiye da 600, kuma dukkansu suna nan suna aiki saboda siminti ba ya neman injiniya kowace shekara. Amma da aka zo kan na'ura sai labari ya sauya. An sa wa Dutsen Olumo na Abeokuta lif a 2006, an kuma kafa motar igiya mai tsawon kimanin kilomita 4 a Obudu ta Jihar Kuros Riba a 2005, a zamanin Gwamna Donald Duke. An buɗe su da kaɗe-kaɗe, kuma dukkansu sun sha tsayawa na dogon lokaci saboda rashin gyara. Lif idan ya lalace, baƙo ya hau matakala yana gunaguni. Turken ƙarfe idan ya yi sako-sako a tsayin mita 60, babu wanda zai sani sai ranar da wani ya rataya a jikinsa.

Mutane da yawa suna zaton wanda ke ɗaure da igiyar ƙarfe ya fi mai hawa da igiyar gwanaye aminci idan ya faɗi. Akasin haka ne. Igiyar gwanaye doguwa ce kuma tana miƙewa kamar roba, tana shanye ƙarfin faɗuwar. A turbar ƙarfe kuwa mutum yana zamewa ne har zuwa turken da ke ƙasa da shi, wataƙila mita 4 ko 5, sannan gajeruwar igiya mai tsawon mita guda ta fizge shi lokaci ɗaya. Wannan fizga tana iya tsinka igiya ko ta karya ƙashin baya. Saboda haka ne ake haɗa ɗamarar da wani naɗaɗɗen ƙyalle mai ɗinki na musamman, wanda ke yagewa a hankali ya rage ƙarfin; da zarar ya yage sau ɗaya kuma ya gama aiki, sai a jefar. Turai tana da ƙa'ida a kan wannan na'ura, mai lamba EN 958, da wata a kan yadda ake gina turbar kanta, EN 16869, wadda ta fito a 2017. Duk da haka, a watan Agustan 2012 wani matashi ya rasu a yankin Tirol na Ostiriya bayan igiyoyin kayan da ya karɓa haya sun tsinke saboda yawan amfani, lamarin da ya sa kamfanoni da dama suka janye kayansu daga kasuwa. Kayan haya ne suka kashe shi, kuma kayan haya su ne ginshiƙin wannan ciniki a duk inda baƙi ba su da nasu.

Ga wanda ya san kasuwar gwanjo ta Katako, haɗarin a fili yake. Ɗamarar hawa da hular kwano da suka ƙare wa'adinsu a Turai suna iya shigowa cikin dila kamar yadda takalma da rigunan sanyi ke shigowa, a sayar da su da rahusa, ido kuma ba ya bambanta su da sababbi. Takalmin gwanjo ba ya kashe kowa. Duk wanda zai shiga wannan harka dole ya riƙe littafin da ke nuna ranar sayen kowace ɗamara da yawan fitarta, kuma kamfanin inshora mai hankali ba zai sa hannu ba sai ya ga littafin.

Sannan ga ɓarayin ƙarfe. A ƙasar da ake kwance layin dogo da dare, ake kuma ɗauke murafun magudanar ruwa a tsakiyar Abuja har hukumar birnin ta ɗauki mataki a kan 'yan bola jari a farkon 2025, ɗaruruwan mitoci na igiyar ƙarfe a bayan gari ba za su kwana lafiya ba sai da mai gadi. Mafi munin sata ma ita ce ta rabi, wadda aka kwance noti aka bar igiya a rataye.

Dutsen na wane ne?

Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa ƙasar jiha a hannun gwamna, dokar auna tasirin ayyuka ga muhalli ta 1992 kuma tana buƙatar a yi bincike kafin manyan ayyuka. Amma takardar gwamnati ba ta isa ba a Filato, inda maganar ƙasa ta sha jawo zubar da jini. Duwatsun da baƙo ke gani wurin shaƙatawa, ga Afizere da Anaguta da Birom mafaka ce ta kakanni a zamanin hare-hare, wasunsu kuma wuraren al'ada ne da ba kowa ke takawa ba. Ostireliya ta koyi wannan a makare. An kafa sarƙa a dutsen Uluru a 1964 domin masu yawon buɗe ido, ba tare da yardar 'yan asalin wurin ba, waɗanda ke ɗaukarsa wuri mai tsarki. An mayar musu da mallakar dutsen a 1985, aka ci gaba da jayayya har ranar 26 ga Oktoban 2019 da aka haramta hawansa, aka kuma cire sarƙar. Duk wanda ya gina cinikinsa a kan wannan sarƙa sai da ya sake lale.

Dutsen Wase, wanda shi ne zai fi jan hankalin mai neman abin talla, shi ne ya fi cancanta a ƙyale. Yana cikin wurare ƙalilan a Afirka ta Yamma da farin kwasakwasa ke yin sheƙa, kuma abin da ya sa tsuntsayen suka zaɓe shi shi ne mutum ba ya isa kansa cikin sauƙi.

Abin da Jos ta fi sauran garuruwa da shi, bayan dutsen kansa, shi ne makaranta. Cibiyar Horar da 'Yan Ƙasa da Shugabanci, uwar ƙungiyar Man O' War, ta faro ne a 1951 a gaɓar tekun Biktoriya da ke Kudancin Kamaru a ƙarƙashin Alec Dickson, daga baya ta dawo Kurra a ƙasar Filato, sannan ta kafa makarantarta ta tsauni a Duwatsun Shere. Shekara da shekaru malamanta suna koya wa ɗalibai da ma'aikata da jami'an tsaro hawa dutse da saukowa da igiya. Ma'ana, jagororin da wata jiha za ta kashe kuɗi ta horar, Jos tana da tushensu a gida. Haka nan kuma su ne gwanayen da za a ɓata wa wurin aiki idan aka zarga ƙarfe a fuskokin da suke koyarwa a kai. Duk shirin da bai fara da zama da su ba, a shata inda za a taɓa da inda za a bari, ya ɗauko rigimar Cerro Torre tun kafin ya sayar da tikiti ɗaya.

Idan aka auna duka, turbar ƙarfe tana da gurbi a gefen hawan gwanaye, amma ba a kan fuska ɗaya ba. A ƙasashen da abin ya zauna lafiya, an raba dutse ne kamar yadda ake raba kasuwa, 'yan hatsi da layinsu, 'yan yadi da nasu. Tana ma iya zame wa gwanayen hanyar samun almajirai, domin daga cikin ɗaruruwan da za su ɗanɗana tsayi a kan tsani ne ake samun 'yan kaɗan da za su nemi koyon na yatsu. Abin da ba ta cancanta ba shi ne a kira ta da sunan da ba nata ba. Wanda ya hau tsani ya hau tsani, kuma mai talla da ya ce masa ya zama mahayin dutse yana tura shi ne ga haɗari ranar da zai gwada wani dutsen babu igiya.

Akwai kuma abin da ya fi ƙarfin mai jari. Rikicin Satumban 2001 da na Nuwamban 2008 da na Janairun 2010, da bama-baman da suka tashi a nan Taminus ranar 20 ga Mayun 2014 suka hallaka fiye da mutum 100, da hare-haren ƙauyukan Bokkos da Barikin Ladi a Disamban 2023, kowannensu ya kori baƙi na tsawon lokaci. Mutumin Abuja da ke tunanin kawo 'ya'yansa hutun ƙarshen mako yana sauraron labarai kafin ya duba farashin otal.

Na ƙarshe shi ne sama. Jos tana samun ruwan sama kimanin milimita 1,400 a shekara, daga Afrilu zuwa Oktoba, sau da yawa tare da tsawa, kuma igiyar ƙarfe da aka shimfiɗa daga gindin dutse zuwa ƙololuwa babu abin da ta fi kama da shi kamar maganin aradu, da mutane ɗaure a jikinta. A Half Dome ana kwantar da igiyoyin ne a watan Oktoba, a sake tayar da su a ƙarshen Mayu. A Filato kalandar za ta juya: ciniki na sosai daga Nuwamba zuwa Maris, lokacin hunturu da hutun Kirsimeti, wato kimanin mako 22. Idan aka koma kan misalin bashin nan, tikiti 6,000 a cikin mako 22 yana nufin mutum fiye da 270 a kowane ƙarshen mako, kafin a biya kuɗin ruwan banki kaɗai.